Shekarar da Na Hana Gyara

A shekarar da ruwa ya cinye gonakin Miga da na Ringim, har mutane suka koma zama a ajujuwan firamare da awakinsu, a shekarar na fara karatun boko. Ina da shekara arba'in da bakwai. Ajin yaƙi da jahilci nake zuwa bayan la'asar, sau uku a mako, in bar rumfata ta hatsi a hannun maƙwabcina. Allo kam na yi shi tun ina ƙarami, amma takardar boko in an miƙo mini, sai dai in jujjuya ta in miƙa wa wani. Kafin wata daminar ta zagayo na iya karanta allunan bakin hanya, na kuma daina dangwala yatsa a wurin sa hannu. A lokacin ba wanda ya kai ni son takarda. Ko wadda aka naɗo mini tsire a ciki, sai na baje ta na karanta kafin in yar.

Akwai cocin 'yan Katolika a Dutse, na kuma daɗe ina kai musu masara da wake. Limaminsu, wanda kowa ke kira Fada, mutum ne mai raha. Wata rana na sauke musu buhu biyu, sai ya ce in zauna in sha ruwa, yana da magana.

Ya ce, "Malam, muna da jami'a can kudu da nan, kuma a cikinta akwai sashen koyar da kasuwanci. Shugabar sashen tana son a buɗe aji a garin nan don 'yan kasuwa irinku, da Hausa, ba a biyan ko sisi. Amma ta ce kada a ba ɗan boko riƙonsa. A nemo wanda ya san nauyin buhu a kafaɗarsa."

Na ce, "To Allah ya ba da sa'ar nema."

Ya yi dariya. "Ai na samu. Ga shi nan yana shan ruwana."

"Fada, ni da jiya-jiya na bar dangwale?"

"Shi ya sa. Ba ka manta yadda mutum yake ji ba in an miƙo masa takarda."

Ya gaya mini sharaɗin tun a ranar. Shugabar za ta zo da kanta bayan kaka. In ta tarar da ajin a raye, za a bar shi a Dutse. In ta tarar ya watse, za a kai shi wani gari.

Ban amsa ba sai da na je wurin malaminmu na unguwa. Ya tambaye ni ko addininsu za su koyar, na ce a'a, saye da sayarwa ne. Ya tambayi inda za a zauna, na ce wani shago ne Fada ya kama a bakin kasuwa. Sai ya ce, "Je ka. In ka ga an karkata, ka dawo ka faɗa mini." Har yau ban koma masa da wannan ƙarar ba.

Rumfa-rumfa na bi na tara mutum ashirin da shida. Maza suka fi yawa, sai dattawan mata biyar da muka ware wa benci a gefen taga. Muka zaɓi Laraba da Asabar da hantsi, domin Litinin ranar kasuwar Shuwarin ce, Lahadi ta Gujungu, ba kuma mai zaman aji ran Juma'a. Jami'ar ta aiko da wani ɗan littafi mai koren bango. Aikina shi ne in karanta shafi ɗaya a fili, a hankali, sannan mu tattauna. Nakan yi kwana biyu ina bitar shafin a gida kada in yi tuntuɓe a gaban mutane.

Mutum biyu ne suka fi kowa magana a ajin. Akwai wani dattijo mai gero, wanda ruwa ya taso daga Miga ya zo ya zauna wurin 'yarsa a Dutse. Baba muke ce masa. Shi ya laƙaba mini Hedimasta, sunan ya bi ni har cikin masallaci. Sai wata tsohuwa 'yar Kiyawa mai daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, muna ce mata Inna. In na karanta abin da bai gamshe ta ba, sai ta ce, "Ɗan nan, maimaita, kunnena ne ko littafin ne?"

Watannin farko sun yi daɗi ƙwarai. Littafin ya ce a ɗora buhu a kan katako, kada ya taɓa ƙasa, muka yi, ruɓa ta ragu. Ya koya mana buhun nan mai leda a ciki da ke kashe ƙwarin wake ba tare da an zuba magani ba. Ya ce kada a gauraya tsohon wake da sabo. Duk abin da muka gwada sai ya yi. Mutanen da ba sa cikin ajin suka fara tsayawa a bakin taga suna saurare. Ni kuwa na sayi sabuwar hula. In na shigo da littafin a hammata aka ce "Shugaba ya iso," sai in ji kamar an ƙara mini tsawo.

Sai muka zo shafin awo. Farkonsa ba wanda ya yi musu. Ya ce kada a doke gindin kwano a lotsa shi, kada a sayi kaya da babban kwano a sayar da ƙarami. Baba ya ce ai wannan ko a wa'azi ana faɗa, ashe su ma sun san da shi. Amma a ƙasan shafin akwai wasu layuka uku. Ma'anarsu ita ce abin da aka auna shi aka saya, duk abin da mai kaya ya ƙara a kai kyauta asara ce, kamar ɓula ce a gindin buhu.

Inna ta ce, "Ɗan nan, maimaita."

Na maimaita.

"Gyara ke nan ake nufi?"

Na ce, "Shi ne, Inna."

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a ƙasar nan ya san gyara. An gama ciniki, an auna, mai saye ya riƙe bakin buhunsa a buɗe, mai kaya ya ɗebi dintsi ɗaya ko biyu ya watsa a kai, a yi wa juna addu'a a rabu. Na yi shekara talatin ina yin haka, ubana ma haka ya yi.

Baba ya ce, "Hedimasta, tsallake wannan. Wanda ya rubuta bai taɓa zama a rumfa ba."

Da na bi maganarsa da an huta. Amma ni a lokacin ban san ana iya buga kuskure a littafi ba. A ganina magana in ta fito daga baki tana iya zama ƙarya, amma wadda manyan malamai suka rubuta, aka sa inji ya buga, an gama tace ta. Ga shi kuma duk abin da littafin ya faɗa a baya ya tabbata a idonmu. Na tashi tsaye na ce daga yau duk wanda ke cikin ajin nan ya daina gyara, wanda ba zai iya ba ya bar mana bencinsa. Na ce mu ne za mu nuna wa kasuwa yadda ake yi da ilmi.

Na fara da kaina. Akwai wata mai sayar da abinci a tashar mota, ta fi shekara goma tana sayen shinkafa da wake a wurina. Da safe ta zo, na auna mata, ta tsaya riƙe da bakin buhu. Na karɓi buhun na ɗaure.

Ta dube ni. "Malam, lafiya? Rasuwa aka yi maka?"

Na ce, "A'a, Hajiya. Ilmi ne."

"Ilmi?" Ta ɗora buhun a ka. "To Allah ya ƙara ilmi."

Washegari na hango ta a rumfar maƙwabcina, yana watsa mata wake har da waƙa.

Ban tsaya a rumfata kaɗai ba. Nakan zaga kasuwa da azahar in ga ko 'yan ajina suna bin doka. Wasu in sun hango hulata sai su janye hannu daga buhu. Na taɓa kama Inna tana ƙara wa wata yarinya ƙullin daddawa, na yi mata magana a gaban mutane, tsohuwar da ta yi sa'ar uwata. Ta karɓe ƙullin daga hannun yarinyar.

Benci ya fara yin fili. Mutum biyu wannan makon, uku wancan. A gida uwargidana ta ce mini, "A gidan suna na ji mata suna cewa hannunka ya bushe tun da ka shiga boko." Na ce ta yi haƙuri, sabon abu haka yake, mutane za su saba. An san ni da haƙuri tun ina yaro, kuma wannan haƙurin ne ya ja ɓarnar ta yi tsawo. Mai gaggawa da ya yi mako biyu ya watsar. Ni na yi wata biyu da rabi ina jira mutane su saba.

Wata Asabar Baba ya zo ajin bai zauna ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa.

Ya ce, "Hedimasta, ni baƙo ne a kasuwar nan. Ba ni da dangi a ciki, ba ni da tsohon mai saye. Da me kake tsammani na jawo mutane? Geron nawa ya fi na kowa ne? Hannuna ne. Ka ɗaure mini hannu, yanzu tun safe nake zaune ina korar kaji."

Na ce, "Baba, littafi ne ya ce."

"To littafin ya zo ya sayi geron."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya juya ya tafi, mutum huɗu suka bi shi. Lokacin da aka gama girbi, mu tara muka rage, har da ni. Inna tana cikin taran, amma ta daina cewa in maimaita.

A haka Fada ya aiko cewa shugabar ta iso, kuma tana son a kai ta kasuwar Shuwarin ran Litinin kafin ta ga ajin ran Laraba. Na yi zaton zan ga wata mai takalmi mai tsini da jaka mai sheƙi. Sai na ga gajeriyar dattijuwa cikin doguwar riga ruwan toka da lulluɓi, da silifa a ƙafarta. Fada ya ce Sista ce, wato cikin matan cocinsu da suka bar aure don bauta, kuma Farfesa ce. Ta gaishe ni da Hausa tas. Ta ce a kudancin Kaduna aka haife ta, mahaifiyarta citta take sayarwa.

Muka shiga kasuwa, ina gaba, ita da Fada suna biye. Ta tsaya wurin masu ridi, ta tsaya wurin masu zoɓo, tana tambaya tana taɓawa. A layin masu dabino ta ce za ta saya wa 'yan uwanta tsaraba. Ta yi ciniki kamar za a yi faɗa, har mai dabinon ya ce, "Mama, ke da wa kika koyi wannan?" Suka daidaita, ya auna mata kwano biyu. Sai na ga ta riƙe bakin ledar a buɗe.

Ta ce, "Haba Alhaji, haka za ka sallame ni? Gyara mini mana."

Ya ɗebi dintsi ya zuba.

"Daga nesa fa na zo."

Ya ƙara, yana dariya. Ta ce Allah ya ba da kasuwa, ya ce amin, ya kuma ce ta sake dawowa.

Ni dai na tsaya kamar an dasa ni. Da muka samu inuwa a gindin wata darbejiya, Fada ya tafi neman mai fura, na ciro koren littafin daga aljihu na buɗe shafin awo na miƙa mata. Na sa yatsa a kan layukan nan uku.

Na ce, "Ranki ya daɗe, wannan ba daga wurinku ya fito ba?"

Ta sa tabarau ta karanta. Ta sake karantawa. Sannan ta dubi ledar dabinon da ke cinyarta.

Ta ce, "Daga wurinmu ne. Wani malamina ya rubuta shi don masu kanti, inda komai ke cikin kwali da gwangwani. Aka fassara, aka kawo mini, na sa hannu. Ni na sa hannu, Malam. Kun bi shi?"

"Na sa doka a kai."

"Ku nawa ne yanzu?"

Na faɗa mata. Na faɗa mata har da maganar Baba da ƙullin daddawar Inna, ban rage komai ba.

Ta rufe littafin ta miƙo mini. Daga baya ta ce, "Me ya hana ka aiko ka ce wannan ba daidai ba ne? Ai kai ne shugaba a nan."

"Ranki ya daɗe, ni wa? Abu an buga shi da inji."

"Inji abin da aka ba shi yake bugawa." Ta cire tabarau. "Ka san aikina? Malamai ne a ƙarƙashina, kowanne yana ganin ya fi ni sani, wasu kuma sun fi ni ɗin. A samana akwai shugaban jami'a, a samansa akwai Bishop, babban limamin cocinmu. Kullum da safe mukan taru mu yi addu'a, mu ce muna son mu fitar da 'yan kasuwa masu tsoron Allah da tausayin mutane. Daga nan in koma ofis in tarar da takardu sun kai gwiwa, in yi ta sa hannu. Ga abin da hannuna ya yi a Dutse. Uwata da tana raye ta ga wannan shafin, da ta ja mini kunne a gaban ɗalibaina."

Na ce laifina ne. Ta ce mu raba, kowa ya ɗauki nasa. Amma ba ta ɓoye mini ba: ba za ta koma ta yi wa na sama da ita ƙarya ba. In ta tarar da mutum tara ran Laraba, tara za ta faɗa, kuma ba za a bar aji saboda mutum tara ba.

Kwana ɗaya da rabi ke nan gare ni. Ran Talata ban buɗe rumfa ba. Na bar sabuwar hular a gida, na sa tsohuwa, na bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya. Kowa na ce masa na yi kuskure, na janye dokar, ya yafe mini. Wasu suka ce ba komai tun kafin in rufe baki. Wani mai barkono ya ce sai ya yi shawara da matarsa, wadda na san ta rasu. Wani ya bar ni a tsaye ya ci gaba da awo kamar ba kowa a wurin.

Inna na je wa da kaina duk da ba ta bar ajin ba. Na durƙusa a gaban tallanta.

Ta ce, "Ɗan nan, a gaban mutane ka yi mini faɗa."

"Haka ne, Inna."

"To ɗaga murya. Kunnena ba ya ji sosai yau."

Na ɗaga murya har masu kayan miya na layin suka juyo. Ta ce ya isa. Ta kira mata uku da suka fita, ta ce musu gobe da hantsi tana son ganinsu a benci, kuma ba ta son jin wani uzuri.

Rumfar Baba na tarar wani ne a ciki. Aka ce ya fi mako biyu da komawa Miga.

Ran Laraba mutum goma sha bakwai suka zo. Sista ba ta karɓi kujerar da na ajiye mata a gaba ba, ta zauna a bencin mata kusa da Inna. Ta ce yau ita ɗaliba ce, tana son a koya mata gyara, ni kuma in rubuta a allo duk abin da aka faɗa. Ban taɓa rubutu a gaban jama'a ba. Allin ya karye sau biyu a hannuna.

Ashe abin da muke yi ba tare da tunani ba yana da ƙa'idoji. Mai masara ya ce ba a gyara sai an gama ciniki, in ka yi kafin nan ka zama mai roƙo. Wani ya ce da hannun dama ake yi, kuma ba a kallon hannun, fuskar mai saye ake kallo. Inna ta ce wanda aka aiko ana ba shi nasa daban, don gobe ƙafarsa ta kawo shi wurinka ko ba a ce masa ba. Ta ce mai sayen kayan sadakar mamaci ba ya buɗe baki ya nema, kai za ka lura ka ƙara masa da yawa. Mai gyaɗa ya ce akwai wanda ba a yi wa, shi ne mai zuwa ya ɗanɗana na kowa ya cika cikinsa ya tafi. Aka yi ta gardama a kan ko dillali yana da gyara. Ni ina ta rubutu, gumi yana zuba, wasu kalmomin sai Fada ya matso ya raɗa mini harafin da na tsallake. Allon ya cika, Sista ta ɗauki hotonsa da wayarta, na goge na sake cikawa.

Da za ta tafi ta ce ajin ya zauna. Ta kuma ce nan gaba duk shafin da za a aiko, sai ya biyo ta hannuna na karanta wa mutanena tukuna, abin da muka ƙi ba za a buga ba.

Bayan wata huɗu sabon littafi ya iso. Shafin awo ya zama biyu, na biyun kuwa maganganunmu ne na ranar Laraba, yadda na rubuta su, an dai gyara mini haruffa. Fada ya ce an juya shi zuwa Turanci, ɗaliban jami'ar ma suna karanta shi, har ana tambayarsu a jarrabawa. Na kai littafin gida na karanta wa uwargidana shafin daga farko har ƙarshe ban yi tuntuɓe ba. Yanzu ajin yana shekararsa ta uku, ni ne dai nake riƙe da shi, kuma na mayar da shafi biyu jami'ar da jan biro a kansu.

Cikin ashirin da shidan da na tara da farko, tara ba su sake zama a bencin ba. Manyan masu saye a wurina huɗu suka bar ni a wannan wata biyu da rabi, ɗaya ne ya dawo, kuma ba mai abincin tasha ba ce. Inna ta rasa matar da ke sarin daddawarta duk mako. Baba ya rasa rumfarsa ta Dutse. Sau biyu na hau mota zuwa Miga don in ba shi haƙuri. Na farko aka ce yana gona can nesa, na jira har la'asar ban gan shi ba. Na biyu na tarar an yi sadakar bakwai ɗinsa da kwana uku.